Yafiyar da Ba Tawa Ba

Kamfanin da ya kawo ni Jidda riɗi da citta da zoɓo yake saye a gida, ya gyara su a masana'antarsa da ke bayan garinmu, ya loda a kwantena zuwa nan. Aikina shi ne in bi kayan tun daga tashar jiragen ruwa har su shiga sito. Kamfanin ne kafilina, wato mai tsaya mini a wurin hukuma, iƙamata ta izinin zama a hannunsa take, shi ne kuma ya kama mini gida a unguwar Safa, inda maiɗakina ke hango makarantar yaranmu ta tagar kicin. Ban taɓa zama wuri mai daɗinsa ba, ban kuma ɓoye wa kowa ba. Duk wanda ya zo daga gida sai na zaga da shi ɗaki-ɗaki.

Ina da wa guda ɗaya, malamin firamare. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya sa ni a makaranta, shi ya hana Inna cire ni lokacin da abubuwa suka yi tsanani. Halinmu ya sha bamban. Inna takan ce Allah ya ba shi haƙurin mutum biyu, ni kuma ya ba ni bakin mutum biyu, don haka babu wanda aka cuta. Duk lokacin zaɓe akan ɗauke shi aikin wucin gadi tare da sauran malamai, su zauna a rumfa su ƙirga ƙuri'a. Yana son aikin. Yakan ce ko ba komai rana ɗaya ce da ake tambayar talaka ra'ayinsa.

A wani zaɓen gwamna da aka yi ina nan Jidda, ɓangare ɗaya ya faɗi. 'Yan majalisarsu suka taru gaban 'yan jarida suka ce ba su yarda ba. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne ɗan majalisar mazaɓarmu. Ina tsaye a tasha ina jiran a saki kwantena na ga bidiyon a waya. Ya karkata hula, yana dukan tebur, yana cewa sakamakon ƙarya ne, malaman da suka ƙirga sun sayar da ƙuri'un jama'a, kada kowa ya zauna a gida yana kallo. Kafin la'asar samari suka nufi makarantar da aka tara akwatuna. Yayana ya tsaya a ƙofar ajin, don akwai malamai mata a ciki. Ya ɗaga hannun dama ya kare kansa, aka sare shi a nan.

Daga baya kotu ta tabbatar da zaɓen. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, shi ɗan majalisar ya ci kujerarsa a rana guda, da akwatunan nan, da ƙirgar malaman nan. Wannan kam bai ce ƙarya ba ce. Ya je aka rantsar da shi ko a jikinsa.

Hannun Yaya bai mutu ba, bai kuma rayu ba. Yatsun suka lanƙwashe suka ƙi miƙewa. Ya koma aji yana koyon riƙe alli da hagu, babban mutum da gemu yana rubutu kamar ɗan aji ɗaya. Likita ya ce a riƙa gasa hannun, in jijiyoyin suka yi laushi za a iya yin aiki, wataƙila yatsun su dawo. Gashin nan da aikin da ake jira duk a kan albashina suke. Ban ɗauke shi nauyi ba, bashin da ba ya biyuwa ne nake ragewa.

Kowa ya san kamfaninmu na ba 'yan siyasa gudummawar kamfe, na wannan ɓangare da na wancan, don kada a rasa na kai ko wa ya hau. Bayan rigimar, da mutane suka fara zagi, sai ya fitar da sanarwa cewa ya daina tallafa wa duk ɗan majalisar da ya ƙi amincewa da sakamakon zaɓe. Wallahi ranar sai da na yi ƙwalla. Na kira Inna na fassara mata kalma-kalma, na ce ta ga irin mutanen da nake wa aiki. Ta ce Allah ya yi musu albarka. Na daɗe ina tinƙaho da sanarwar nan a majalisar 'yan gida da muke haɗuwa ranar Juma'a, har wani dattijo mai sayar da dadduma a tsohuwar kasuwar Balad ya ce mini in bari tukuna a sha ruwa a ga abin da zai kwanta a ƙasan randa. Na ce masa shi dai ba ya yarda da alheri.

Shekara ta zagayo, ta sake zagayowa. Ana tsakiyar azumi mudir, wato manajanmu na nan, ya kira ni ofis. Shi haifaffen Jidda ne, kakansa ne ya zo daga ƙasarmu a ƙafa. Yana jin Hausa sarai, amma in zai yi ta sai ya cakuɗa da Larabci, rabi nan rabi can. Ya ce manyan baƙi za su zo Umra a goman ƙarshe, kamfani ya ɗauki nauyin komai, tun daga tikiti da otal mai kallon Harami har mota da tsaraba, ni ne kuma zan zama idonsu da ƙafarsu. Na tambayi su wane ne. Ya fara lissafo su, sunan farko da ya faɗa na ɗan majalisarmu ne. Sauran ma duk waɗanda suka tsaya a bayansa ne ranar da yake dukan tebur.

Na ce masa, to ina sanarwar? Ya buɗe hannuwa.

"Wannan ba siyasa ba ce, ya akhi. Umra ce. Baƙin Allah ne."

Nan na gane dabarar, na kuma ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Kamfani bai karya alkawari ba, a cewarsa. Bai sa ko kwabo a kamfe ba, kujerar Umra ya bayar. Wane ne zai buɗe baki a cikin Ramadan ya ce kada a kai mutum ɗakin Allah? In ka yi magana kai ne mara tsoron Allah. Da a jaka aka kai musu da an sami abin faɗa, amma an naɗe abin a cikin harami, babu mai iya taɓawa.

Na ce ya nemi wani. Ya ce babu wani, a ofishin nan ni kaɗai na san yadda ake magana da manyan gida. Bai san labarin Yaya ba, don ban taɓa kai shi ofis ba. Da na miƙe zan fita sai ya tambaye ni, yana duban kwamfuta, ko bayan Idi ne za a sabunta iƙamata. Na ce e. Ya ce to, halas, yalla, wato shi ke nan, in je. Ba zan ce barazana ya yi mini ba. Amma na fita na san inda nake tsaye.

Maiɗakina ta saurare ni har na gama zazzaga masifata a falo, sannan ta ce in zauna. Ta ce ita ba ta ce in so mutumin ba, amma in tuna hannun da nake wa fushi shi ne hannun da albashin nan ke gasawa. Ta san bakina, ta ce in ɗinke shi na 'yan kwanaki, ba mutuwa zan yi ba. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ma ta ƙara ba ni haushi.

Washegari bayan la'asar na kira Yaya. Na so ya ce kada in yi, in sami abin dogara. Ya saurara har ƙarshe kamar yadda ya saba, har na zaci layin ya yanke. Sai ya ce in riƙe aikina, baƙo baƙo ne, balle wanda ya zo da harami. Ya ce in ɗaukar masa jaka, in miƙa masa ruwa, in yi masa duk abin da ake wa baƙo, shi bai ga laifi ba.

"Abu ɗaya na hana ka," in ji shi. "Ka san al'adarmu, in za a rabu za su ce a yafi juna. Kada ka yafe da bakina. Wannan tawa ce, ban ba ka aro ba."

Ban taɓa jin Yaya ya riƙe wani abu a kan wani ba sai ranar. Na ce masa na ji.

Da suka sauko daga jirgi ban gane shi ba. Da babbar riga da hula na san shi. Sai ga wani tsoho da farin mayafi biyu, kai babu hula, sanƙo na ƙyalli, ƙafafu sun kumbura a cikin silifa. Yana jan ƙafa ɗaya. Ya kama hannuna ya ce, "Sannu ɗana, mun wahalar da kai da azumi." Daga lokacin har suka tafi, ɗana yake kirana.

Abin da ya fi damuna ke nan. Na shirya wa mugu, na kwana ina wasa wuƙar zuciyata, sai aka kawo mini dattijo mai fara'a. Ya tambayi sunayen yarana ya riƙe su. In an sha ruwa sai ya tura mini dabinonsa ya ce ni ne mai aikin. Ya tsawata wa yaransa na siyasa da suka bar ni da kaya ni kaɗai. Na yi ta neman inda zan kama shi da wulaƙanci don fushina ya sami wurin zama, ban samu ba.

Wajen sa'ayi gwiwarsa ta ƙi. Aka kawo keken guragu, aka duba wanda zai tura, duk idanu suka dawo kaina. Na tura shi. Ina bayansa ina kallon ƙeyarsa, yana addu'a yana kuka, kukan gaske, kafaɗunsa na rawa. Hannunsa na dama na ɗage sama, yatsun a miƙe, lafiyayyu. Ni kuma ina tafe da azumi a bakina a wuri mafi tsarki a duniya, zuciyata cike da abin da ba na so a tashe ni da shi. Na roƙi Allah ya cire mini. Bai fita ba, na dai ci gaba da turawa.

Bayan Sallah muka dawo da su Jidda don tsaraba. Na zaga da su Balad, lungu-lungu, cikin tsofaffin gidajen nan masu tagogin katako. Turare, jallabiya, dadduma, agogo, gwal na matan gida. Su nuna, ni in sa hannu a madadin kamfani. Muka bi ta gaban shagon dattijon nan da ya ce in jira ruwa ya kwanta. Ya dube su, ya dube ni da ledoji a hannu biyu, ya ce sannu da aiki. Bai ƙara komai ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A mota muna komawa otal, ɗan majalisar ya dafa kafaɗata daga baya. Ya ce in gaya wa mutanena su kwantar da hankalinsu a kan maganar filin da masana'anta ke nema, da zarar majalisa ta dawo hutu za a wuce wurin. Sauran suka ce in sha Allahu. Ya faɗe ta ne a sake, kamar mai cewa a gaida gida. Da ma na sani, amma gani ya kori ji. Na ce masa zan isar.

Ranar tafiyarsu da hantsi muka taru a harabar otal. Akwai mudir, da direba, da wata baiwar Allah daga unguwar Kurayyat da ta riƙa dafa musu tuwo, da ni. An gama loda akwatuna da jarkokin zamzam. Sai ɗan majalisar ya gyara murya ya ce an zauna tare, ɗan Adam ajizi ne, a yafi juna. Ya fara bin mu ɗaya bayan ɗaya. Duk Bahaushe ya san amsar, ba a ma tunani, baki ne ke faɗa da kansa. Mai tuwo ta ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Direba ya faɗi tasa.

Na riga na shirya. Maiɗakina ce ta ba ni dabarar, ta ce in sunkuyar da kai in motsa leɓe, in ce Allah ya kiyaye hanya, babu wanda zai lura. Da haka na fito daga gida, kuma da ya yi mini irin ta sauran da haka za a yi. Amma da ya iso kaina sai ya kama hannuna da hannuwansa biyu, ya ƙi saki.

"Ɗana, kai ka fi kowa shan wahalata. Na fito daga ɗakin Allah, ina so in koma gida a wanke. Duk abin da na taɓa yi maka, kai ko wani naka, na sani ko ban sani ba, ka ce ka yafe in ji da kunnena."

Kai ko wani naka. Mudir na gefe yana murmushi. Na tuna gidan Safa, na tuna likita da ranar da ya sa ta aikin hannun Yaya. Duk na tuna, ba zan ce zuciya ce ta ɗebe ni ban sani ba. Kalma biyu ce kawai, na yafe, kuma Yaya ba zai taɓa ji ba. Na buɗe baki in faɗe ta, ta ƙi fita.

"Ranka ya daɗe, abin da ke tsakanina da kai na yafe har ga Allah. Amma akwai na yayana, shi kuwa ba ni da iko da shi."

Bai saki hannuna ba. Ya tambayi wane ne yayana. Na ce malami ne, yana cikin waɗanda suka ƙirga ƙuri'a, an sare masa hannu ranar da aka ce sun sayar da zaɓe. Na faɗi sunan makarantar da unguwar. Ban ɗaga murya ba, ni da kaina na yi mamakin yadda ta fito a kwance.

Na zaci zai fusata, ko ya musa, ko kunya ta kama shi. Da kowanne daga ciki ya yi da na sami abin kai wa Yaya. Sai ya haɗa gira yana ƙoƙarin tunowa, tsakaninsa da Allah yake ƙoƙarin. Ya juya ya dubi wani yaronsa, shi ma ya girgiza kai. Ya ce ai lokacin an yi rigingimu a wurare da dama, Allah ya ba shi lafiya, Allah ya kiyaye gaba. Ya ɗan bubbuga bayan hannuna, ya saki, ya wuce wurin mudir ya rungume shi.

Na raka su har filin jirgi, na tura masa kaya har inda aka tsayar da ni. A hanyar dawowa, da muka kusa ofis, mudir ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, da Hausa tsantsa babu ko kalmar Larabci ɗaya, "Na ji abin da ka faɗa. Allah ya ba yayanka lafiya." Ban taɓa jin ya haɗa magana haka ba.

Ba a kore ni ba. Nan ba a kora, ƙin sabuntawa ake yi. Wani daga cikin yaran ɗan majalisar ya kira hedikwata ya ce ma'aikacinsu ya ci fuskar mai gida a gaban jama'a. Da lokacin iƙama ya yi mudir ya kira ni ya ce ba daga shi ba ne, na kuma yarda. Ya yi mini abin da zai iya, ya bar ni na nemi wani kafilin maimakon a buga mini takardar fita daga ƙasar. Na samu wurin wani mai sayar da shinkafa a sari. Muka bar Safa muka koma Kurayyat, ɗaki biyu a saman wani gareji. Maiɗakina ta yi kwanaki ba ta yi mini magana sai ta dole. Ranar da muke kwashe kaya na same ta tsaye a tagar kicin. Ta share ido ta ce in ɗauko kwalin tukwane.

Abin da nake samu yanzu yana isa gashi, ba ya isa aikin hannun. Likita ya ce in aka daɗe jijiyoyin za su ƙage inda suke. Filin kuwa an ba masana'anta, na ji har an fara gini.

Na yi ta jan ƙafa wajen gaya wa Yaya har ranar da aka sa ta aikin ta kusa, ba yadda zan yi. Na kira shi wata Juma'a bayan an sauko masallaci, na faɗa masa komai daga farko. Ya bari na gama.

"Cewa na yi kada ka yafe. Ban ce ka yi magana ba."

Na ce na sani. Na ce mutumin ya riƙe hannuna ne ya ce kai ko wani naka, babu hanyar da zan bi in wuce. Ina jin kukan awaki a tsakar gida da muryar Inna tana kiran wani. Yaya bai yi mini faɗa a kan aikin da na rasa ba, bai ambaci likita ba. Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa, kamar mai jin nauyin tambayar.

"Da ka faɗi sunan makarantar, ya tuna?"

Na so in ce e. Wallahi na so in ce ya sunkuyar da kai, ya yi hawaye, ya ce a ba ka haƙuri. Da ya yarda, don ban taɓa yi masa ƙarya ba.

"Bai tuna ba, Yaya."

Ya ce to. Sannan ya ce in gaida yaran da mamansu, in kuma riƙe sabon aikin da kyau.

"Bari in ajiye," in ji shi. "Hannun ya gaji, ba ni da na canji."